Daga Dubai zuwa Gwanzu a jirgin sama: tambayoyi da amsoshi kan nisa da tsawon tafiya

Gwanzu, wanda za ka ga an rubuta Guangzhou a jikin tikiti, shi ne birnin da 'yan kasuwarmu suka fi sauka idan sun je saro kaya ƙasar Sin: yadi, takalma, wayoyi, kayan gini, kayan ɗaki. Da yawa kuma ta Dubai suke bi, ko don canjin jirgi, ko don su fara zagaya kasuwannin unguwar Deira da ke can kafin su wuce gaba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu shirin wannan tafiya suka fi yi, musamman mai zuwa karon farko. Jadawalin jirage yakan canza, saboda haka abin da ke jikin tikitinka shi ne abin bi. Amma nisa da agogo da iska ba ruwansu da kamfanin da ka hau, kuma a kansu aka fi yin bayani a nan.

Kilomita nawa ne tsakanin Dubai da Gwanzu?

Kimanin kilomita 5,800 ne, idan aka auna a miƙe daga babban filin jirgin Dubai zuwa filin jirgin Baiyun na Gwanzu. A lissafin mil kuwa kusan 3,600. Tsakanin Kano da Legas ta sama kilomita 830 ne da 'yan kai, wato wannan tafiya ta ninka waccan sau bakwai.

Wannan awon na miƙaƙƙiyar hanya ne. Jirgi ba ya binta sak, domin a sama ma akwai hanyoyi da aka shata masa, saboda haka abin da yake ci a zahiri ya fi haka.

Awa nawa ake yi a cikin jirgi?

Idan jirgin kai tsaye ne, zuwa Gwanzu yakan ɗauki awa 7 zuwa 8. Dawowa Dubai kuwa awa 8 zuwa 9. Lokacin da kamfani yake rubutawa yana farawa ne daga sa'ad da jirgi ya ja baya daga inda aka ɗauki fasinja, zuwa sa'ad da ya tsaya cak a ɗaya filin. Wato har da tafiyar da yake yi a ƙasa kafin ya isa titin tashi, da jiran layi. Zaman sama zalla bai kai abin da aka rubuta ba.

To me ya sa tikitina ya nuna kusan awa goma sha biyu?

Wannan ce tambayar da ta fi rikita mutane, kuma ita ce ta fi cancanta a tsaya a kanta. A jikin tikiti, kowane lokaci da aka rubuta na garin da ake magana a kansa ne. Lokacin tashi agogon Dubai ne, lokacin sauka agogon Gwanzu ne. Gwanzu kuma tana gaban Dubai da awa 4.

Ga misali. A ce an rubuta tashi ƙarfe 10:30 na safe, sauka ƙarfe 22:00, wato goma na dare. Idan ka ƙirga da yatsu za ka sami awa goma sha ɗaya da rabi. Cire awa huɗun bambancin agogo, saura bakwai da rabi. Wannan shi ne zaman da za ka yi a kujera. A dawowa sai lissafin ya juye. An rubuta tashi 00:30, sauka 05:00, sai mutum ya yi murna wai awa huɗu da rabi ce kawai. A'a, ƙara huɗu a kai, takwas da rabi ke nan.

Ƙa'idar ba ta da wuya: in za ka gabas, cire huɗu, in za ka yamma, ƙara huɗu. Ba ta canzawa da rani ko damina, domin Hadaddiyar Daular Larabawa da Sin duka ba sa matsar da agogonsu gaba ko baya kamar yadda ake yi a Turai. Sin ma, duk da faɗinta, agogo ɗaya gaba ɗayanta take bi, na Beijing. Saboda haka ko Gwanzu ka sauka, ko Shanghai, ko Yiwu, garin babbar kasuwar sari, lissafin ɗaya ne.

Ƙarfe nawa ne a gida idan na sauka?

Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya. Dubai tana gabansu da awa 3, Gwanzu da awa 7. Mai zuwa daga Ghana ya ƙara awa ɗaya a kan kowanne. Idan ka sauka Gwanzu goma na dare, a Kano ko Maraɗi ƙarfe uku ne na yamma, iyali ba su ma yi La'asar ba. Idan kuwa ka fito kasuwa ƙarfe tara na safe ka ce bari ka kira yaron shago ka tambaye shi launin da ya fi tafiya, ƙarfe biyun dare ne a wurinsa. Wanda ya san kan tafiyar yakan tara tambayoyinsa sai bayan ƙarfe uku na yamma agogon Sin, lokacin da aka fara buɗe shaguna a gida. A sani kuma WhatsApp ba ya aiki a Sin yadda aka saba, WeChat suke amfani da shi, don haka a shirya hanyar magana da gida tun kafin a tashi.

Me ya sa dawowa ta fi zuwa daɗewa, alhali hanyar ɗaya ce?

Iska ce. A can sama inda manyan jirage suke tafiya, tsakanin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, akwai wata iska mai tsananin gudu da take kaɗawa daga yamma zuwa gabas. A lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, takan sauko ta bi ta saman arewacin Indiya da kudancin Sin, wato daidai kan wannan hanya, kuma gudunta yakan wuce kilomita 200 a awa. Jirgin da ya nufi Gwanzu tana tura shi ta baya. Wanda ya nufo Dubai kuwa da ita yake kokawa, kamar mai keke da iskar hunturu ta tare shi ta gaba: taka feda ɗaya ce, amma ba ya cin ƙasa yadda ya ci a zuwa.

Idan damina ta sauka a Indiya, daga wajen Yuni zuwa Satumba, wannan iska takan koma arewa, bayan duwatsun Himalaya, har ma a sami wata mai kaɗawa daga gabas a saman kudancin Indiya. A wannan lokaci tazarar da ke tsakanin zuwa da dawowa takan ragu sosai. Shi ya sa kamfani ɗaya, jirgi ɗaya, amma lokacin saukar da aka rubuta a tikitin Janairu ya bambanta da na Yuli.

Juyawar duniya ba ta taimaka wa jirgi?

Ba yadda ake zato ba. Iskar da jirgi yake ciki tana juyawa tare da duniya, saboda haka ba a tsayawa a sama a jira Dubai ta iso. Juyawar duniya tana da hannu ne kawai wajen haifar da waccan iska mai kaɗawa daga yamma.

Gudun jirgin nawa ne?

Manyan jiragen da ake sa wa irin wannan hanya, kamar Boeing 777 da Airbus A380, suna yin kimanin kilomita 900 a awa idan sun daidaita a sama. Raba 5,800 da 900, za ka sami awa shida da rabi. Ragowar lokacin yana tafiya ne wajen hawa sama, da rage gudu a sauko, da 'yan kwane-kwanen hanya, da tafiyar ƙasa a filayen biyu, waɗanda duka manya ne masu cunkoso.

A allon da ke gaban kujerarka za ka iya ganin gudun ya haura 1,000 a hanyar zuwa, ya kuma faɗo ƙasa da 800 a dawowa. Injin bai canza ba. Allon yana nuna yadda jirgi yake cin ƙasa ne, kuma iska ce ta ƙara ko ta rage.

Za a tsaya shan mai a hanya?

A'a. Boeing 777-300ER yana iya yin sama da kilomita 13,000 ba tare da ya sauka ba, wannan tafiya kuwa ba ta kai rabin haka ba.

Ta saman waɗanne ƙasashe ake bi?

Galibi jirgi yana barin Dubai ya ratsa tekun Oman, ya bi ta wajen kudancin Pakistan ko ta saman teku, ya shiga Indiya ya keta ta daga yamma zuwa gabas, sannan Bangaladash, sai Myanmar, daga nan ya shiga Sin ta lardin Yunnan, ya wuce Guangxi, ya gangara Gwanzu. Indiya ce take cin kaso mafi girma na tafiyar.

Miƙaƙƙen layin da ke tsakanin biranen biyu yana gogar gindin duwatsun Himalaya ta wajen iyakar Nepal da Indiya. Jiragen fasinja sun fi son su ɗan yi kudu, kuma ba sa son ratsa tudun Tibet. Dalilin yana da muhimmanci. Idan iskar da aka matse a cikin jirgi ta zube, dole matuƙi ya sauko da sauri zuwa kimanin mita 3,000, inda mutum zai iya numfashi ba da na'ura ba. Tudun Tibet kuwa shi kansa ya haura mita 4,000, ba inda za a sauko, ga filayen saukar gaggawa kaɗan ne. Gara a ƙara mintoci a bi inda akwai mafita.

Siyasa ma takan lanƙwasa hanya. A 2019 Pakistan ta rufe sararin samaniyarta bayan rikicinta da Indiya, daga ƙarshen Fabrairu, ba ta buɗe gaba ɗaya ba sai a Yuli, kuma jirage da yawa sai da suka yi zagaye. A cikin Sin kuma kaso mai yawa na sararin sama yana hannun soja, jiragen fasinja suna bin ƙayyadaddun hanyoyi ne, abin da yakan jawo jira.

Na ga a taswira Beijing ta fi Gwanzu nisa daga Dubai. Haka ne?

Taswirar da aka shimfiɗa a takarda tana yaudarar ido, domin duniya a dunƙule take. Daga Dubai zuwa Beijing kimanin kilomita 5,850 ne, kusan daidai da na Gwanzu, duk da cewa Beijing tana can arewa kuma ta fi matsawa gabas. Duk wanda ya sami ƙwallon taswirar duniya irin na makaranta, ya ɗora zare ya ja tsakanin biranen, zai gani da idonsa. Shanghai ce ta fi su nisa, kimanin kilomita 6,450. Hong Kong kuwa kimanin 5,900.

Bi ta Dubai daga Kano ba zagaye ba ne?

Ko kaɗan. Wannan ma abu ne da ya kamata ɗan kasuwa ya sani. Daga Kano zuwa Gwanzu a miƙe kimanin kilomita 10,900 ne. Daga Kano zuwa Dubai kimanin 5,100, daga Dubai zuwa Gwanzu 5,800. Haɗa su ka gani: 10,900. Wato Dubai tana kan layin ne kusan daidai, kuma kusan a tsakiyarsa. Doha ma haka take. Ta Alkahira jimillar takan kai kimanin 11,100, ta Adis Ababa kuma kimanin 11,400. Bambancin bai taka kara ya karya ba.

Inda zagaye yake shigowa shi ne idan sai ka fara gangarawa Legas kafin ka kama jirgin Dubai. Ka yi kilomita 830 zuwa kudu maso yamma, wato ka juya wa inda za ka baya, sannan daga Legas zuwa Dubai kimanin 5,900. Jimilla ta haura 12,500, ga kuɗin jirgin cikin gida, ga kwana ko jira a Legas. A ganina, ga mutumin Kano ko Katsina ko Damagaram da ba shi da wata harka a Dubai, jirgin da zai ɗauke shi daga Kano ya canza sau ɗaya a Adis Ababa ko Alkahira ko Doha ya fi masa sauƙi. Wanda kuwa yake da kayan da zai duba a Deira, ko abokin ciniki da zai gani, lissafinsa daban ne.

Waɗanne kamfanoni ne suke zuwa kai tsaye?

Emirates, wanda cibiyarsa take Dubai, da China Southern, wanda cibiyarsa take Gwanzu. Akwai kuma tikiti masu sauƙin kuɗi da ake canza jirgi a wani gari a tsakani, amma sukan mayar da tafiyar awa takwas ta koma ta yini da kwana.

Awa nawa ya kamata in bari tsakanin jirgi da jirgi a Dubai?

Filin jirgin Dubai ba ƙarami ba ne. Daga ƙofar da ka sauka zuwa wadda za ka tashi kana iya yin tafiyar minti ashirin ko fiye, wani lokaci har da hawa ƙaramin jirgin ƙasa na cikin filin ko bas, ga sake bincike a tsakani. Idan tikitin ɗaya ne tun daga gida har Gwanzu, awa biyu zuwa uku sun wadatar, kayanka za su wuce da kansu, kuma idan jirgin farko ya makara kamfanin ne zai nema maka wani.

Idan kuwa tikiti biyu ne daban-daban, wanda wasu ejan-ejan sukan haɗa don kuɗin ya sauko, to a yi hattara. Mai yiwuwa sai ka fita ka karɓi akwatinka ka sake auna shi, fita kuwa tana bukatar bizar shiga ƙasar. In jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, asarar taka ce kai kaɗai. Tambaya ɗaya za ka yi wa ejan kafin ka biya: "Alhaji, kayana za su wuce har Gwanzu, ko sai na karɓe su a Dubai?" Amsarsa za ta nuna maka irin tikitin da yake shirin yankar maka. Mai jira a cikin fili bai fita ba, ba ya bukatar biza.

An rubuta jirgina zai tashi 00:15 ranar Talata. Yaushe zan je filin jirgi?

Daren Litinin, wayewar Talata. A sake karantawa: daren Litinin, wajen ƙarfe tara. Jiragen dawowa daga Gwanzu da yawa suna tashi ne jim kaɗan bayan sha biyun dare, kuma da zarar sha biyu ta wuce kwanan wata ya canza. Wanda ya ga "Talata" ya ci gaba da cinikinsa har yammacin Talata, zai isa ya tarar jirginsa ya tashi tun daren jiya. Ba ƙaramar asara ba ce: kuɗin canjin tikiti, ƙarin kwanan otal, wani lokaci ma kwanakin biza sun ƙare, wanda a Sin laifi ne da ake ci wa tara. Ranar da ka karɓi tikiti, ka rubuta a wayarka da Hausa ƙarara: "Barin otal Litinin ƙarfe takwas na dare."

Haka kuma idan ka ga +1 a gefen lokacin sauka, ma'anarsa washegari za ka sauka.

Yaya zan yi da salla?

Abu na farko, alƙibla. Mu a gida gabas muke fuskanta. A Dubai da Gwanzu kuwa Makka tana yamma da kai. A Dubai yamma ce da ɗan karkata kudu, a Gwanzu yamma da ɗan karkata arewa. A cikin jirgi, idan kana zuwa Gwanzu alƙibla tana bayanka, ta wajen wutsiya; idan kana dawowa tana gabanka. Jiragen kamfanonin ƙasashen Larabawa da dama suna nuna ta a allo.

Abu na biyu, lokutan suna matsowa kusa da juna idan ka nufi gabas, domin kana tarar rana ne. Jirgin da ya bar Dubai da hantsi, Azahar takan shiga bayan awa ɗaya da 'yan mintoci, rana kuma takan faɗi bayan kimanin awa biyar da tashi. Kafin a sauka Isha ta yi. Salloli huɗu ke nan a zama ɗaya. Kada ka dogara da agogon hannunka, taga ita ce za ta gaya maka gaskiya. Matafiyi yana da rangwamen ƙasaru da haɗa salloli, amma yadda za a yi salla a kujera idan tsayuwa ta gagara, wannan a zauna da malami kafin tafiya a ji hukuncinsa dalla-dalla. Abin da ke da sauƙi shi ne ka shiga jirgi da alwala. Filin jirgin Dubai yana da masallatai da wuraren alwala a kowane ɓangare.

A dawowa da jirgin tsakar dare kuwa dare ne yake tsawo. Kusan duk tafiyar cikin duhu ake yinta, alfijir yakan keto gab da sauka ko bayan an sauka, gwargwadon lokacin shekara.

A cikin Gwanzu akwai masallatai, ciki har da Huaisheng, ɗaya daga cikin mafiya daɗewa a ƙasar Sin, mai doguwar hasumiya da aka san shi da ita.

In ina azumi fa?

Mai tafiya gabas da rana azuminsa yana gajarta da awa biyu zuwa uku a wannan hanya. Abin da malamai suka yi bayani shi ne mai azumi a jirgi yana buɗa baki ne idan rana ta faɗi a inda yake, a can sama, ba da agogon garin da ya baro ko wanda ke ƙarƙashinsa ba. A sama rana takan ɗan jima ba ta ɓace ba bayan ta faɗi ga mutanen ƙasa. Matafiyi kuma yana da damar ya sha ya rama.

Wane lokaci ne jirage suka fi makara?

A ɓangaren Gwanzu, damina ce matsala. Daga Afrilu ake fara ruwa mai ƙarfi da tsawa, daga Yuli zuwa Satumba kuma lokacin guguwar teku ne, wadda takan sa a soke jirage da yawa a rana ɗaya. A ɓangaren Dubai, hazo mai kauri na safiyar hunturu ne yakan tsayar da jirage. Ruwan sama ba kasafai yake damunsu ba, amma a Afrilun 2024 an yi wanda ya cika filin jirgin da ruwa, fasinjoji suka yi kwanaki suna jira.

Akwai kuma lokutan cunkoso, da kujera take wuya kuɗin tikiti da na otal suke tashi. Babban baje kolin Canton, wanda ake yi tun 1957, yana ci sau biyu a shekara a unguwar Pazhou da ke Gwanzu: daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, da kuma daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Sabuwar shekarar Sinawa tana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, kuma a lokacin masana'antu da kasuwanni sukan rufe na makonni. Zuwa saro kaya a wannan lokaci ɓata kuɗin jirgi ne. Makon farko na Oktoba ma hutu ne a duk ƙasar.

Me ya sa nake kasa barci kwanakin farko?

Jikinka yana kan agogon gida. Sha ɗayan dare a Gwanzu ƙarfe huɗun yamma ne a Kano, ba yadda za a yi barci ya zo. Da safe kuma, lokacin da ya kamata ka fita kasuwa, jikinka yana tsakiyar dare. Tafiya gabas ta fi wahalar sabawa a kan tafiya yamma. Yakan ɗauki 'yan kwanaki kafin jiki ya daidaita. Abin da ke taimakawa shi ne fita cikin hasken rana, da daurewa kada a yi dogon barcin rana, da rage shayi da kofi da yamma. Shawarata ita ce kada ka sa babban ciniki a safiyar farko. Mutumin da bai yi barci ba shi ne yake kuskuren sifili a kalkuleta, ko ya amince da samfurin da bai duba ɗinkinsa da kyau ba.

A cikin jirgin kuma, zaman awa takwas wuri ɗaya yana kumbura ƙafa, ga wasu ma yana iya sa jini ya daskare a jijiya. A riƙa tashi ana ɗan takawa, a sha ruwa sosai. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya sa maganinsa a jakar hannu. Mace mai juna biyu ta ga likita kafin a yanki tikiti, domin kamfanoni suna neman takardar likita idan ciki ya tsufa. Toshewar kunne lokacin sauka kuwa, haɗiyar yawu ko tauna cingam tana buɗe shi.

Daga sauka zuwa masauki awa nawa zan ƙara?

Ka ƙiyasta awa biyu. Akwai layin jami'an shige da fice, inda ake ɗaukar hoton yatsu, sai jiran akwati, sai kwastan. Mai ɗauke da kuɗin waje da suka haura dala 5,000 dole ya bayyana su. Katin rigakafin shawara ya kasance a hannu tare da fasfo. Filin Baiyun yana arewa da gari da kimanin kilomita 30. Zuwa Xiaobei ko Sanyuanli, unguwannin da 'yan Afirka suka fi sauka, tasi takan yi minti 40 zuwa awa ɗaya. Akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na 3, amma ba ya kwana yana aiki, don haka mai saukar dare ya tanadi adireshin otal ɗinsa a rubuce da rubutun Sinanci don ya nuna wa direba.

Idan aka haɗa da awa ukun da za ka riga jirgi isa fili a Dubai, tafiyar da tikiti ya ce awa bakwai da rabi ce ta zama kusan awa goma sha uku daga ƙofa zuwa ƙofa.

Idan Shenzhen ko Yiwu zan je, dole sai ta Gwanzu?

Ba dole ba. A 2025 Emirates ya fara zuwa Shenzhen da Hangzhou kai tsaye daga Dubai. Mai zuwa kasuwar wayoyi ta Huaqiangbei, Shenzhen ce garinsa, ko da yake daga tashar Gwanzu ta Kudu jirgin ƙasa mai sauri yana kai mutum Shenzhen cikin kimanin rabin awa. Mai zuwa Yiwu kuwa Hangzhou ta fi masa kusa, ƙasa da awa ɗaya a jirgin ƙasa mai sauri, alhali daga Gwanzu sai ya sake hawa jirgin sama na kimanin awa biyu. Foshan, garin tayil da kujeru, a jikin Gwanzu take.

Kayana fa, kwana nawa za su yi idan na aiko su Dubai?

Ta jirgin sama tafiyar ita ce dai wannan ta awa takwas, amma tattara kaya a sito, da jiran gurbi a jirgi, da fitarwa daga kwastan sukan mayar da ita kwanaki. Ta ruwa kuwa hanyar ta fi tsawo nesa ba kusa ba, domin jirgin ruwa sai ya gangara kudu ya bi ta mashigin Malaka kusa da Singafo, ya zagayo ƙasan Indiya, sannan ya hauro tashar Jebel Ali. Kimanin kilomita 9,000 ke nan, kuma kwantena takan yi mako biyu zuwa uku a kan ruwa, gwargwadon tashoshin da jirgin zai tsaya.

Zan iya shiga da fawa-bank?

A jakar hannu kawai, ba a cikin akwatin da za a auna ba, domin batirinsa yana iya kamawa da wuta. Daga Oktoban 2025 Emirates ya hana amfani da shi a cikin jirgi: guda ɗaya aka yarda ka riƙe, wanda ƙarfinsa bai kai 100Wh ba, kuma ba za ka yi caji da shi ba har a sauka. A jiragen cikin gida na Sin kuma, tun ƙarshen Yunin 2025, duk fawa-bank da ba shi da tambarin CCC, na tabbatar da ingancin kaya a Sin, a jikinsa ba a barin a shiga da shi. Wanda zai tashi daga Gwanzu zuwa Yiwu ya juya nasa ya duba tambarin tun a otal. Masu saro su da yawa don sayarwa kuma su bi ta kamfanin kago da ya san ƙa'idar ɗaukar batir, kada su cusa su cikin kayan sawa.